Amsa ga Yaya kan karatun akanta na Abba

Assalamu alaikum. Yaya, na ji saƙonka, ka ce Abba ya gama sakandare, makin JAMB bai kai ba, shi kuma akanta yake so, ko ya jira baɗi. To ni abin da na ji kana tambaya shi ne, wai dole sai ta jami'a? Ba dole ba ne. Kar ya kuskura ya zauna shekara guda a ƙofar gida yana jiran gurbi a BUK.

In dai yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, ya je ya yi rajistar ATS, wato jarrabawar ƙananan akantoci. A ƙarƙashin ICAN take, ƙungiyar ƙwararrun akantocin Najeriya ɗin nan da doka ta kafa tun 1965. Mataki uku ne, kowanne darasi huɗu, ana zana ta Maris da Satumba. In ya haye duka ya zama AAT, wato ƙaramin akanta mai shaida, sai ya shiga babbar jarrabawar ICAN, kuma matakin farko yafe masa za a yi. In ya gama ya cika sharuɗɗan zama mamba, ACA ce a bayan sunansa, wato ya zama cikakken akanta. Kar wani ya kawo muku zancen ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin Najeriya, yanzu, ita sai mai digiri ko HND, kuma sai an je kwalejinsu ta Jos. ACCA kuwa, ƙungiyar akantoci ta Birtaniya, da fam na Ingila ake biya, a bar ta tukuna.

Amma wallahi Yaya, ni ba jarrabawar nake jiye masa ba, kasuwa nake jiye masa. Ka san yadda aka yi da ɗan wajen Kawu. Yaro ya ci matakin farko na ATS, kansa na ja, Kawu ya ce ya zo Kwari ya riƙe masa shago zuwa bayan salla kawai. Salla ta wuce, babba ta zo ta wuce, har yau yana can yana ninke shadda. Kuma abin da ke ƙona min rai, shagon da ake juya miliyoyi, littafin bashinsa na makaranta ne mai bango ja, rabin shafukan sun yage, wani bashin ma a bayan kwalin atamfa aka rubuta shi. In masu haraji suka zo, a rasa ta cewa, a nemo akanta daga waje a biya shi kuɗi masu kauri. Alhali ga naka a gida ka hana shi karatu! Na yi magana a lokacin, aka ce... to, a bar wannan.

Yawwa, ban ce ya bar digiri ba fa. Ya sake JAMB ɗin, kuma akwai jami'o'in da ke ɗaukar mai AAT kai tsaye aji biyu. Ka turo min hoton sakamakonsa yau, lissafin nan nake son in fara gani.