Fuluronon ɗina ya narke ƙasa da abin da littafi ya ce

Tambaya: Malam, na raba sinadarai biyu, fuluren da fuluronon, a kolom ɗin silika, wato bututun gilashi mai ɗauke da garin silika da ake raba gaurayen sinadarai da shi. Rawayen da na tara, wato fuluronon, ya fara narkewa a digiri 74 na Salshiyas, bai gama ba sai a 80, alhali littafi ya ce 82 zuwa 84. Abokina ya ce in rubuta 83 kawai, wai ma'aunin zafin ne ke ƙarya. Ina tsoron kada aikin ya lalace gaba ɗaya.

Amsa: Kwantar da hankalinka, bai lalace ba. Idan maki, wato zafin da abu ke narkewa, ya sauka kuma tazarar da ke tsakanin fara narkewa da gamawa ta yi faɗi, to akwai baƙon abu a ciki. Ko dai sauran hekzen, ruwan sinadarin da ake fara zubawa a kolom, ne bai gama bushewa ba, ko kuwa ka yi gaggawar zuba ruwan sinadari mai ƙarfi, wanda ke fitar da fuluronon, tun fuluren bai gama fita ba. Fuluren ba shi da launi, ido ba zai kama shi ba. Ɗiga samfurin a farantin TLC, wanda ke raba gauraye zuwa ɗigo-ɗigo, ka haska da fitilar UV, mai nuna ɗigon da ido ba ya gani. In ɗigo biyu ne, sake yin kolom. In ɗaya ne, busar da shi sosai ka sake aunawa, zafin na hawa digiri 1 zuwa 2 a minti.

Maganar abokinka ce ta dame ni, don kullum sai na ji irinta. Ɗalibai sun ɗauka da zarar lamba ta dace da ta littafi, magana ta ƙare. Ina! Yuriya da sinamik asid duka suna narkewa a wajen digiri 133, ba su kuma haɗa dangi ba. Gauraya su, za ka ga makin ya faɗi ƙasa sosai. Akwai ma gaurayen da ake kira yutektik, wanda ke narkewa tashi ɗaya tamkar tsarkakakke, alhali abu biyu ne. To wanda ya ƙirƙiro 83 da biro, me ya tabbatar? Ya goge shaidar da ke gaya masa inda kolom ɗinsa ya sami matsala ne kurum. Irinsa ne gobe zai sa hannu a takardar ingancin magani bai auna ba.

Kuma ba a zargin ma'auni da baki. Auna benzoyik asid tsarkakakke, in ya ba ka 122, ma'aunin lafiyarsa ƙalau.

Rubuta 74 zuwa 80 yadda ka gani, tare da dalili. Bayan ka tsarkake samfurin, niƙa kaɗan tare da fuluronon na asali ka auna. In makin bai sauka ba, to fuluronon ne.