Ɗana ya samu karatun gandun daji, ina wannan hanya take kaiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana na fari ya nemi karatun likita bai samu ba, sai jami'a ta ba shi sashen gandun daji da namun dawa. Shi ya ce yana so, amma dangi sun ishe ni da cewa ƙarshensa gadin birai. Ni ɗan kasuwa ne, ban san kan aikin gwamnati ba. Wanda ya karanta wannan fanni ina yake kaiwa? Masu shugabantar wurare irin su Yankari da gidajen tarihi, ta yaya suka hau kujerunsu? In bar shi ne, ko ya sake rubuta jarrabawa? Daga wani mahaifi a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar shi, muddin son nan daga zuciyarsa ya fito, ba gudun zaman gida ba ne. Amma tunda ka tambayi inda hanyar take kaiwa, zan faɗa maka daɗinta da ƙayarta, domin da wannan aiki na ci abinci shekaru masu yawa.

Mu fara da wanda zai ɗauke shi aiki. Gwamnatin tarayya tana da hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa, wadda aka kafa da doka a 1991, ko da yake gandun Tafkin Kainji ya riga ta haihuwa, tun 1979. A hannunta Gashaka-Gumti yake, tsakanin Taraba da Adamawa, wanda ya fi kowane girma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma a cikinsa dutsen Chappal Waddi yake, mafi tsawo a Najeriya. Akwai Kamuku a ƙasar Birnin Gwari, akwai na yankin Tafkin Chadi a Borno da Yobe, sai guda uku a kudu. A ƙarshen 2020 gwamnati ta amince a ƙara goma, cikinsu har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina da fadamar Haɗeja a Jigawa. Yankari da ka ambata kuwa ba ta tarayya ba ce yanzu. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, tarayya ta karɓa a 1991, sannan ta koma hannun jihar Bauchi a 2006. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga ɗanka, don ma'aikacin jiha da na tarayya ba albashinsu ɗaya ba, ba kuma tsanin ci gabansu ɗaya ba.

A hukumar tarayya, dokar 1999 ta mayar da ma'aikatan masu kaki: ana yi musu horo, suna riƙe bindiga, suna da muƙamai daki-daki. Mai digiri yana shiga ne a mataki na 8 kamar sauran ma'aikatan gwamnati. Yakan fara da sintiri, a ba shi wani sansani da 'yan mutane kaɗan. In ya yi ƙoƙari a ba shi yanki, daga nan sashe, ko na tsaro, ko na bincike, ko na masu yawon buɗe ido, ko na hulɗa da ƙauyukan kewaye. Sama da wannan sai shugaban gandu sukutum, sai mataimakan shugaban hukuma a hedikwatar Abuja, sai shi shugaban, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa. Duk wannan hawa dole ya ƙare cikin shekara 35 na aiki ko kafin mutum ya cika 60. Tsanin yana ƙara tsukewa a sama, kujerun ba su da yawa, kuma mafi yawan waɗanda suka shiga tare za su yi ritaya a tsakiya. Haka yake a kowace ma'aikata, har da asibiti.

Ƙofa biyu ake shiga kujerar shugabanci, kuma gidajen tarihi sun fi nuna hakan ƙarara. Ekpo Eyo ya fara ne yana ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashin Kenneth Murray, Baturen da ya kafa sashen kayan tarihi. Ya je Ingila ya yi karatu, ya dawo ya yi ta tono da hannunsa a Ife da Owo, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci sashen a 1968. Yana kan kujerar aka mayar da sashen hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, bai sauka ba sai 1986. Wannan shi ne mai hawa daga ƙasa. Farfesa Abba Isa Tijani kuwa daga Jami'ar Maiduguri aka ɗauko shi ya shugabanci hukumar a 2020, kuma a zamaninsa ne aka sa hannu da Jamus a 2022 kan dawo da kayan tagullar Benin sama da 1,000. Wannan ya shigo ta ƙofar ilimi da naɗi. Hajiya Amina Mohammed, 'yar jiharku, ba gandun daji ta karanta ba. Ta fara aiki a kamfanin zanen gine-gine, ta zama mai ba shugaban ƙasa shawara kan muradun ƙarni, ta zama ministar muhalli a 2015, a 2017 ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Naɗi yana hannun Allah da masu mulki, ba wanda zai yi maka alkawarinsa. Abin da ke hannun ɗanka shi ne ya zama mutumin da in ana neman wanda ya san aikin, sunansa ba zai tsallaku ba.

Nan ne nake so in daɗe, don shi ne abin da jami'a ba ta iya koyarwa. Yaro yana shiga da tunanin aikinsa da giwa ne da ɓauna da gwanki. Bai wuce wata uku ba zai gane aikinsa da mutane ne: makiyayi, manomi, maharbi, mai gawayi, mai ɗiban zuma, dagaci, hakimi, alƙali, da ɗan majalisar da zai bugo waya ya ce a saki wane.

A shekarata ta biyu da kama aiki, cikin tsakiyar bazara, muka tarar da garken shanu a cikin gandu, kusa da wani mashaya. Na ce a kora su sansani, gobe sai kotu, doka ce ta ce haka. Wani dattijo cikin mutanena, irin waɗanda tun zamanin En'e ake kira malamin daji, bai gama firamare ba amma ya san kowace sawu a dajin nan, ya ce: "Ranka ya daɗe, mu fara zuwa rugar ardo tukuna." Muka je. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin kirya, aka kawo kindirmo a ƙwarya. Dattijon nan ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi lafiyar shanu, ya yi ta'aziyyar wani da ya rasu bara, mun fi awa guda ba a ambaci gandu ba. Da aka zo maganar, ardo ya tashi da kansa ya nuna mana burtalin da suke bi zuwa rafi, an nome shi tas, an shuka masara har bakin ruwa. Ruwan da ya rage musu a yankin duka yana cikin gandu. Mun ci tarar shanun kamar yadda doka ta ce, amma washegari muka ɗauki ardo muka tafi wurin hakimi, aka zauna da manoma, aka buɗe burtalin. Bayan damina, yaran rugar nan ne suka zo da dare suka faɗa mana inda wasu baƙin mafarauta suka kafa bukka. Ba mu da mota a lokacin, ba mu da na'ura, amma mun same su.

Duk shugaban gandun da na ga ya yi nasara, ya iya wannan zama na tabarma. Wanda ya dogara da bindiga kaɗai yakan ci nasarar wata guda, sannan a cinna wa dajin wuta a kaka, ba kuma wanda zai ce ya ga wanda ya yi. Ita ma bindigar ana bukatarta, kada ka ji na ce ba a so. Amma mutum ashirin ba su iya tsare dajin da ya kai faɗin ƙaramar hukuma biyu, sai in mutanen kewaye sun yarda dajin nasu ne.

Yanzu ƙayar. Aikin yana da haɗari, kuma a ƙasarmu ta yau haɗarin ya ƙaru. Sambisa da kake ji gandun namun dawa ne kafin ya zama abin da ya zama. Kamuku yana tsakiyar yankin da 'yan bindiga suka addaba. A gandun Zakuma na ƙasar Chadi, inda giwaye suka ragu daga sama da 4,000 zuwa ƙasa da 500 cikin shekara goma, mafarautan haure sun kashe ma'aikata shida a watan Satumban 2012, suna cikin sallar asuba aka buɗe musu wuta. Albashi kuma ba mai yawa ba ne, kuma shekarun farko za a yi su nesa da iyali, a inda waya ba ta shiga. Sai jarrabawar da ta fi duka kayar da mutane, wato kuɗi. Lokacin da aka yi rububin icen madobiya, wanda a Taraba suke kira madrid, ana lodinsa zuwa ƙasar Sin, mota guda tana iya miƙa wa ma'aikaci abin da ya fi albashinsa na watanni don ya kau da kai. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya zama yaron masu katako, mutanensa sun sani, ƙauye ya sani. Tarbiyyar da ka ba shi a gida ita ce za ta tsaya masa a wannan shinge.

Kuma duniya tana ganin masu riƙon amana. A 2021 wani ma'aikacin sintiri na Yankari, Suleiman Saidu, ya karɓi kyautar Tusk ta masu tsaron namun dawa a Afirka, saboda shekarun da ya yi yana kare giwayen nan ɗari da wani abu da suka rage, waɗanda suna cikin na ƙarshe a Najeriya.

In ya shiga makaranta, ga abin da zan gaya masa da ɗana ne. Lokacin koyon aiki kada ya nemi ofis a gari, ya nemi a tura shi gandu ya kwana a sansani. Ya koyi karanta taswira, da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, da tattara ƙidaya a kwamfuta, don yanzu sintiri ma da waya ake rubuta shi. Ya gyara rubutunsa na Turanci, saboda shugaban gandu rabin kwanakinsa rahoto yake rubutawa da takardar neman tallafi. In bai ji Fulatanci ba ya koya, ku a Gombe ma malaman suna ƙofar gida. Faransanci kuma zai buɗe masa makarantar namun dawa ta Garwa a Kamaru, wadda tun 1970 take horar da jami'an Afirka, da aiki da 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda suka ɗaga raƙuman dawan Kure daga 49 a 1996 zuwa sama da 600, suna kiwo a gefen gonakin mutane ba tare da shinge ba. A gida akwai kwalejin namun dawa ta tarayya a New Bussa, da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Jos, mai ba da digiri na biyu tare da Jami'ar Jos.

Gwamnati ba ita kaɗai ke ɗauka ba. Ƙungiyar kare namun dawa ta WCS tana aiki da jihar Bauchi a Yankari, gidauniyar kare dazuka ta ANI tana Gashaka-Gumti, gidauniyar kare muhalli ta Najeriya (NCF) kuma tun 1980 take fagen. Ga hukumar shingen itatuwa mai yaƙi da hamada a jihohi 11 na arewa, ga shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 a jihohin arewa 19 da Abuja. Dukkansu suna neman wanda ya san itace, ya san ƙasa, ya kuma iya magana da manomi, kuma irinsu daga arewa ba su wadata ba.

Maganar gadin birai kuwa ta ɓata mini rai, ba don ni ba, don yaron. Ka gaya wa dangi kogin Kano ta dajin Falgore yake ratsowa kafin ya cika dam ɗin Tiga, wanda manoman shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa suke rayuwa da shi. Duwatsun Gashaka su ke ba kogin Taraba ruwa, shi kuma ya zuba a Binuwai. Mai tsaron waɗannan dazuka ruwan shan mutane da abincinsu yake tsarewa.

Kafin ka yanke hukunci, tunda Yankari tana kusa da ku, ka ɗauke shi ku je cikin rani, lokacin da dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. A Dindima za ku ratse daga titin Bauchi, ku shiga ta ƙofar Mainamaji. Bayan ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki, ka nemi izini ya zauna da masu sintirin da suka dawo daga daji. Ya ga takalmansu, ya ɗaga jakar da suke goyawa, ya tambaye su kwana nawa suka yi da abin da suka ci. A hanyar komawa gida ka sake tambayarsa ko yana so.