Fitar da Sabon Irin Lili na Tukunya a Sakkwato: Amsa Ga Ɗana

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina ban ruwa. Ka ce: "Baba, na ga hoton wani gajeren lili a tukunya, wai sabon iri ne da aka haɗa a Turai. Mu ma za mu iya fitar da namu a nan Sakkwato? Aure ake yi masa irin na mangwaro?" Na bari sai da dare ya yi na zauna, don tambayar ba ta tsaye ba ce.

Za mu iya, in Allah ya yarda. Amma ka cire maganar aure daga ranka. Mangwaro itace ne, kana yanko reshe ka ɗaura a jikin wani. Lili kuwa albasa gare shi a ƙasa, ba reshen da za ka ɗaura. Barbara ake yi masa da hannu, kamar yadda masu dabino suke ɗauko furen namiji su kai wa macen. Ka ɗebi garin furen wannan ka shafa wa wancan, ya yi 'ya'ya, ka shuka. Shafawar ba ta kai minti 5 ba. Abin da ke biyo bayanta shekaru ne, kuma a kansa nake son ka tsayar da hankalinka.

Wanda ka gani a hoton, mai yiwuwa lili na ainihi ne, wanda masana ke kira Lilium. Asalinsa ƙasashen sanyi ne na Asiya da Turai da Amurka ta Arewa, kuma yawancin albasarsa da ke yawo a kasuwannin duniya daga Holan take fitowa. Wannan albasa sai ta kwana cikin sanyi na makonni da yawa kafin ta yarda ta sake fure, sanyin da hunturunmu bai kai shi ba. Na taɓa sayen guda 20 a hannun wani ɗan kasuwa ina matashi. Duk suka yi fure, don sun zo da sanyinsu daga can, na yi ta murna. Da bazara ta shigo, zafi ya haura 40 a watan Afrilu, na tona na tarar sun ruɓe sun zama kamar kunu. Wanda bai iya raya uwa shekara 2 a jere ba, ina zai ga 'ya'yanta? Shi ya sa ba zan bar ka ka fara da shi ba.

Wanda za ka fara da shi yana nan a layin da ke ƙarƙashin darbejiya, kana zuba masa ruwa kullum: amarilis, mai fure kamar bakin kakaki, wanda masu saye suke kira lili su ma. Sunansa a wajen masana Hippeastrum, asalinsa Amurka ta Kudu, wajajen Barazil da Peru da Bolibiya, ƙasashen da suka san zafi kuma suka san rani. Yana son a matse shi a tukunya, yana son a ƙishirta shi ya huta, to ka ga ya dace da mu. Kuma kada ka ɗauka sai mai digiri ke wannan aiki. Haɗin farko da aka sani na wannan fure, wani mai sana'ar agogo ne a Ingila, Arthur Johnson, ya yi shi a 1799, har yau ana shuka shi da sunansa.

Na san za ka tambaye ni albasar kwaɗi da ke fitowa a fadama da damina, tunda ita 'yar gida ce. Na gwada haɗa ta da amarilis shekara 3, ko kwanso ɗaya bai tsaya ba. Dangi ne na nesa, jininsu bai haɗuwa. Ga shi kuma ta cika girma, tukunya ba ta ɗaukarta.

Kafin ka taɓa fure, ka san me kake nema, ka rubuta shi. Furen tukunya dabam yake da na lambu. Ana son kara gajere mai kauri, santimita 30 zuwa 40, wanda iskar farkon damina ba za ta kifar da shi da tukunyarsa ba. Ana son ganye ya fito tare da fure, don kara tsirara a tukunya ba ya sayuwa. Ana son albasa ɗaya ta ba da kara 2, kuma ta riƙa haihuwa a gindi. Sama da duka, ana son wanda zai ƙetare bazarar Sakkwato da ransa. Launi shi ne na ƙarshe a lissafina, ko da yake shi ne farkon abin da zai ɗauke maka ido.

Da wannan za ka zaɓi iyaye. A cikin amarilis ɗinmu, muna da tsohuwar nan mai ruwan lemo, ƙaramin fure, wadda ta shekara da shekaru a gidajen mutane ba mai kula da ita kuma ba ta mutu ba. Muna da manyan nan ja da fari 'yan Holan, kyakkyawa amma ragwaye a zafi. Burinka ka samu ɗa mai juriyar ta farko da kyan na biyu. Sai dai akwai wani abu a ɓoye. Ƙullin gado da masana ke kira kromosom, na tsohuwar yawanci 22 ne, na manyan 'yan Holan kuwa yawanci ninki ne, 44. Saboda haka haɗin nasu sau da yawa ba ya kamawa, in ya kama kuma ɗan yakan fito kamar alfadari, ga ƙarfi ga kyau amma ba ya haihuwa ta iri. Wannan bai hana komai ba, tunda ta albasa za ka yawaita shi. Abin da zan ce ka yi: ka haɗa ta fuska biyu, wannan uwa wancan uba, sannan ka juya. Ka kuma haɗa gajeru 2 daga cikin 'yan Holan da suka riga suka yi bazara 2 a hannunmu, don kada shekara ta wuce ka hannu wofi.

Lokaci shi ne inda mutanen garin nan suke faɗuwa. In ka bar amarilis da kansa, yakan yi fure dab da bazara, kwanson ya haɗu da zafin Afrilu ya bushe tun bai nuna ba. Kai za ka tsara masa. Ka yanke ruwa a farkon Oktoba bayan damina ta ɗauke, ka kwantar da tukwanen a inuwa mako 8 zuwa 10, ganye ya bushe. Farkon Disamba ka sake ba su ruwa, uwa da uba rana ɗaya. Bayan mako 6 zuwa 8 fure zai buɗe, wato cikin Janairu zuwa farkon Fabrairu, da sauran sanyin hunturu. Kwanso yana son kamar mako 4 zuwa 6, ka ga kafin zafi ya kankama iri yana hannunka.

Yanzu ga aikin hannun. Leƙa cikin furen. Za ka ga 'yan tsinkaye 6, kowane da kai mai fitar da gari rawaya, su ne maza. Akwai na 7 wanda ya fi su tsawo, shi ne macen. A furen da ka zaɓa ya zama uwa, ka tsinke kawunan mazan 6 tun furen yana shirin buɗewa, kafin su fashe, ka rufe shi da ƙyallen gidan sauro don zuma da sauran ƙwari kada su riga ka. Kada ka yi gaggawar shafawa. Macen ba ta karɓa ranar farko. Bayan kwana 2 ko 3 za ka ga ta lanƙwaso sama, bakinta ya rabu 3, yana ɗan danshi. Ranar ce. Da sassafe, kafin iskar hunturu ta tashi ta busar da bakin, ka tsinko kan namiji daga uban ka goga a hankali har bakin ya yi rawaya. Ka maimaita washegari. Ka mayar da ƙyalle.

Sannan, tun ba ka ɗaga ƙafa daga wurin ba, ka rataya alama: uwa, uba, kwanan wata. A nan na yi asarar da har yau take ci mini rai. Wata shekara na yi haɗi 11, na rubuta da biro a kan leda. Rana ta cinye rubutun tas. Bayan shekara 3 ɗaya ya fito gajere, ja mai farin tsakiya, irin wanda na daɗe ina nema, ban san iyayensa ba balle in sake haɗa su. Tun daga ranar nake yanka gwangwanin lemo in karce lamba da ƙusa, in kuma rubuta lambar a littafi. Kai ma ka sayi littafinka gobe.

In ya kama, cikin mako guda za ka ga ƙullin da ke bayan furen yana kumbura. In ya yi rawaya ya yanƙwane, bai kama ba, kada ka damu, haka aikin yake. Wanda ya tsaya zai kai girman goro ko ya fi, ya tsage gida 3, ka ga iri baƙi, fale-fale kamar takarda, jere a kan juna. Ka murza kowane tsakanin yatsu. Mai ɗan tudu a tsakiya shi ne mai rai, wanda ba komai ciki ƙaiƙayi ne.

Irin nan ba ya ajiyuwa kamar gero, musamman a zafinmu. Ka shuka shi cikin makon da ka cire shi. Kasko mai huji, rairayin gulbi wankakke da ɗan taki ruɓaɓɓe sosai, ka shimfiɗa irin ka yayyafa ƙasa sama-sama. Cikin mako 2 zuwa 4 za ka ga ganye ɗaya siriri kamar na yayyafin albasa. Daga nan ka shiga watanni mafi wuya, domin jarirai ne za su fuskanci Afrilu da Mayu. Inuwa mai kauri, rumfar zana ta gefen yamma, ruwa da asuba da kuma yamma in ƙasa ta bushe. Kada ka sa su a baƙar leda ko roba, saiwa dahuwa take yi a ciki. Tukunyar ƙasa tana tsatsafo da ruwa ta sanyaya kanta kamar randa, ita ce abokiyar aikinka. Ka ɗora kaskon a kan bulo saboda gara. Su ƙanana ba a ƙishirta su kamar manya, ana barinsu su yi ta girma har albasar ta ƙosa. In ka mayar da su tukunya ɗai-ɗai, ka bar kashi 1 cikin 3 na albasar a waje, tukunyar kuma kada ta fi albasar faɗi da fiye da yatsa 2 ko 3 kowane gefe.

Abu ɗaya kada ka yi wasa da shi. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, daga Goronyo har Wurno, kowane yaro ya san kamanninta. Wannan tana kama da ita amma tana da guba. In ka tone su kada ka shanya inda mata ke girki ko inda yara da awaki suke kaiwa.

Fure na farko sai shekara ta 3, wani ya kai ta 4. Ranar za ka ga abin mamaki: 'ya'yan kwanso ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa da kamarsa. Wani dogo, wani launinsa ya dushe, wani fure 2 kawai. A nan ake gane mai fitar da iri. Cikin 50, in ka samu 2 ko 3 da suka cika sharuɗɗan da ka rubuta, ka gode wa Allah. Sauran ka fitar da su daga layin, ka sayar a matsayin gama-gari ba tare da suna ba. Zai yi maka zafi, don ka shekara 3 kana ɗawainiya da su, kuma za ka so ka yi wa wani dogo uzuri saboda launinsa. Kada ka yi. Wanda ya sha wahala a bazara ma ya fita, komai kyansa. Waɗanda ka riƙe, ka sake kallonsu shekara 2, don furen farko ba ya faɗin gaskiyar tsawon kara, kuma tsiron da ya yi gajere saboda yunwa zai miƙe in ya ƙoshi.

Wanda ya tsallake wannan shi ne sabon irinka, kuma tsiro ɗaya ne tak a duniya. In ka shuka 'ya'yan kwansonsa ba za su fito irinsa ba, sai ta albasa. Ko dai ka jira 'yan albasar da yake haifa a gindi, ko ka yi abin da zai sa hannunka rawa ranar farko: ka ɗauki albasar da ta ƙosa, ka tsaga ta daga sama zuwa ƙasa gida 8, kowane yanki da rabonsa na faifan gindi inda saiwa ke fita, don daga nan sabuwa take tsirowa. Ka binne su cikin rairayi mai ɗan danshi a wuri mai sanyi, bayan wata 2 zuwa 3 za ka ga 'yan albasa sun ɓullo tsakanin ɓawon. Su ma sai sun yi shekara 2 ko 3 kafin fure. Ka gasa wuƙar a wuta kafin kowace albasa, domin cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare wuƙa da ƙwari ne ke yaɗa ta, kuma ba ta da magani. Kada ka tsaga uwar sai tana da 'ya ko ɗaya a gefe wadda za ta gaje ta in aka yi rashin sa'a.

Ka lissafa da kanka: 3 da 2 da 3, shekara 8 ke nan kafin ka jera tukwane 20 masu kama ɗaya a bakin titi ka ce wannan namu ne. In ya kai ga haka, akwai ƙungiyar masu albasar furanni a Holan, KAVB, da ke rajistar sunayen wannan fure na duniya, sai mu nemi mai taimaka mana da takardun. Shi ya sa nake so ka riƙa sabon haɗi kowane hunturu, ta yadda daga shekara ta 3 kullum kana da masu buɗewa.

Na ware maka tukwane 6 daga layin darbejiya, 3 na tsohuwar, 3 gajerun 'yan Holan. Daga ranar 1 ga Oktoba kada ka ƙara zuba musu ruwa. Ka zo da littafin da ƙusa da gwangwani ranar Asabar bayan sallar asuba, mu ba kowace lambarta.