Amsa kan garin haihuwar Kaka: Kano za a rubuta ko Jigawa?

Salamu alaikum mutanen gida. Ƙanena, na saurari muryarka, kana tambaya a littafin zuriyar nan da muke haɗawa, wurin haihuwar Kaka Kano za ka sa ko Jigawa, tunda ƙauyen a ƙasar Ringim yake.

To ka ga, lokacin da aka haife shi babu Jigawa, kai, jihar Kano ma babu ita. Sai 1967 Gowon ya yanka jihohi, Jigawa kuwa sai 1991 zamanin Babangida. Lardin Kano ake cewa a lokacin, kuma Ringim hakimi gare ta, Sarkin Kano take bi, ba kamar Haɗeja da Gumel da Kazaure ba, masu sarakunansu tun da can. Saboda haka rubuta shi yadda yake a zamaninsa: ƙauye kaza, gundumar Ringim, lardin Kano. A gefe sai ka ƙara cewa yanzu ƙaramar hukuma kaza ce, jihar Jigawa. Duka biyun fa, kada ka goge ɗaya. Jikan da zai tashi neman takardar haraji ko ta jangali ta zamanin En'e, da tsohon sunan zai neme ta.

Sannan, yauwa, sunan ƙauye kaɗai ba ya kai mutum gida. Sabon Gari nawa ne a ƙasar nan? In an ce Dawaki, ta Kudu ko ta Tofa? Ka haɗa da dagacin da suke bi, da kasuwar da suke ci da ranar cin ta. In Inna ta ce maka "gabas da rijiyar Fulani, gindin kukar nan mai kogo", don Allah kada ka gyara mata, sa shi yadda ya fito daga bakinta, ka rubuta ita ta faɗa.

Abin da ya fi damu na shi ne gari yakan tashi da sunansa. Mutanen da dam ɗin Tiga ya tasa, gidajen kakanninsu suna ƙarƙashin ruwa yau. Namu ma ai mutane sun dawo bakin titi, inda aka yanke wa Kaka cibi ya zama kufai, gero ake nomawa. Ran Juma'a in an sauko masallaci ka ɗauki Baffa a mashin ya nuna maka wurin, ka ɗauki hoto, ka turo mana lokeshan a nan. A gaida su Inna.