Ƙaramin inji mai araha, ya za a yi aiki ya fito daidai?

Malam, kana tambaya ya za ka ƙera ƙananan sassan inji su fito cif-cif alhali injin gyaran ƙarfenka mai araha ne, aljihu kuma ba nauyi. Wallahi yawanci ba injin ba ne matsalar, awo ne. Fara neman maikromita, wato ma'aunin kauri mai sukuru, ko da na hannu ne, yana karanta 0.01mm da gaske, kalifa ta dijital kuwa, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake zamewa, tana nuna lambar amma kar ka dogara da ita sosai.

Sannan duk ƙaramin inji akwai ɗan wasa a sukurun da ke tura wuƙa, to ka riƙa shigowa ta gefe ɗaya kullum, in ka zarce ka ja baya sosai ka sake shigowa, kuma ka tuna a injin da ke juya sandar ƙarfe, in wuƙa ta shiga 0.05mm kaurin sandar 0.1mm zai ragu, don kewaye take yankewa, nan mutane da yawa ke ɓata aiki. Kar ka auna abin da ka yanka da zafinsa, bari ya huce, musamman alminiyam da ke buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfe. Rami kuma huda shi ƙarami tukuna, ka ƙarasa da rima, wato ƙarfen da ke gyara rami ya kai shi daidai awo.