Ɗana Ba'amurke ne, yana aiki a Dubai: me Amurka take nema a wurinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Na haifi ɗana a Amurka lokacin da mahaifinsa yake karatu a can. Muka dawo Kano yana da shekara 2, a nan ya girma har ya gama jami'a, sannan ya koma Amurka ya yi shekara 2 yana digiri na biyu. Yanzu wata 8 ke nan da ya samu aikin injiniya a Dubai. Da ya je buɗe asusu, ma'aikacin banki na ganin wurin haihuwarsa sai ya ware shi ya ba shi wani fom na daban. Abokan aikinsa kuma sun ce wai dole ya riƙa biyan Amurka haraji ko da ba ya zaune a cikinta. Gaskiya ne? Yaya zaman irinsu yake a ƙasashen waje? Bana muke shirin yi masa aure, hankalina bai kwanta ba. (Wata uwa daga Kano)

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya albarka a aikin da auren. Abokan aikin nasa sun faɗi rabin gaskiya. Wajibi ne ya riƙa aika wa Amurka bayanin abin da yake samu kowace shekara, amma akwai yiwuwar bayan ya aika ba za a neme shi da ko sisi ba. Hatsarin yana cikin yin shiru, kuma nan ne na fi ganin yaranmu suna faɗawa.

Galibin ƙasashen duniya suna karɓar haraji ne daga mazauna cikinsu. Bature ɗan Ingila ko Bafaranshe in ya tattara ya koma Dubai da zama, ƙasarsa takan sakar masa mara a kan albashinsa na can. Amurka ita ɗan ƙasa take bi, duk inda yake. Kotun ƙolinta ta tabbatar da haka tun 1924, a shari'ar wani Ba'amurke mazaunin Meziko. Ba a cika samun mai irin wannan tsari ba sai Eritiriya, mai karɓar kashi 2 cikin 100 daga 'ya'yanta na waje. Ko Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya, da aka haifa a New York a 1964 ya bar ƙasar tun yana yaro, sai da hukumar harajin Amurka, IRS, ta bi shi a kan ribar gidan da ya sayar a Landan. Daga baya ya ajiye zama ɗan ƙasar. To in ta bi wannan, ɗanki ba zai ɓace mata ba. Fasfon nan shuɗi ya buɗe masa ƙofofi: a tsakanin 2022 da 2024, lokacin da Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta rufe wa 'yan Najeriya ƙofar biza, mai fasfon Amurka a filin jirgi ake buga masa izinin shiga. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa ai sai ya yi masa aski.

Ga yadda shekararsa za ta riƙa tafiya. Fom mai lamba 1040 shi ne babban fom ɗin bayanin haraji, kuma wa'adinsa a Amurka 15 ga Afrilu. Mazaunin waje an ƙara masa wata 2 kai tsaye, zuwa 15 ga Yuni, yana kuma iya neman ƙari zuwa 15 ga Oktoba. Sai dai in akwai kuɗin da zai biya, ruwa yana fara hawa tun daga Afrilu. Tare da wannan zai cike fom 2555, wanda da shi ake neman a yafe harajin albashin da aka samu a waje. A shekarar 2024 iyakar yafiyar dala 126,500 ce, a 2025 ta koma 130,000. Matashin injiniya da wuya albashinsa ya haura haka. Amma yafiyar ba ta zuwa da kanta, sai an nema, kuma tana da sharaɗi: ko dai ya nuna ya zama mazaunin wata ƙasa na haƙiƙa tsawon cikakkiyar shekarar haraji, ko ya cika kwana 330 a wajen Amurka cikin wata 12 a jere. Zuwansa Kano hutun Sallah ko Umara ba ya rage wannan lissafi, domin duk waje ne. Kwanakin da ya yi a cikin Amurka su ne suke ci. Don haka za ki ga Amurkawan da ke aiki a Tekun Fasha suna ƙirga kwanakin ziyarar gida kamar mai ƙirga kwanakin azumi.

Wannan yafiya ta fi muhimmanci ga mazaunin Dubai fiye da na Jamus ko Kanada. Wanda ke Jamus yana biyan haraji mai nauyi a can, sai ya nuna wa Amurka shaidar abin da ya biya a cire masa. Dubai ba ta cire harajin albashi, saboda haka ɗanki ba shi da abin nunawa, fom 2555 ne kaɗai garkuwarsa. Kuma albashi da ladan aiki kawai take rufewa. In yana da gidan haya a Kano, ko ya sayar da fili ya ci riba, ko yana da hannun jari, waɗannan duk suna cikin lissafi. In kuma ya bar aikin kamfani ya koma cin gashin kansa, akwai wani haraji na kashi 15.3 cikin 100 na masu sana'ar kansu da yafiyar ba ta taɓawa.

Yanzu batun banki, wanda shi ne ya fara tayar miki da hankali. A 2010 Amurka ta yi dokar da ake kira FATCA, wadda ta ɗora wa bankunan duniya nauyin kai rahoton asusun Amurkawa. Bankin da ya ƙi, ana zaftare kashi 30 cikin 100 na wasu kuɗaɗen da ke zuwa masa daga Amurka. Shi ya sa ma'aikacin ya tsaya a kan wurin haihuwa. Fom ɗin da aka ba shi, ga dukkan alamu W-9 ne, inda zai rubuta lambarsa ta Social Security, wato lambar shaida da Amurka take amfani da ita wajen haraji da fansho. Ba tuhuma ba ce, ya cike da gaskiya. Amma ya sani daga ranar an san da asusun a Amurka. Wasu bankunan, musamman a Turai, sun gwammace su sallami Ba'amurke da su ɗauki wannan ɗawainiya, wasu su buɗe masa asusun albashi amma su hana shi na zuba jari.

Akwai kuma rahoto na biyu, wanda na fi so ki ja masa kunne a kai. Sunansa FBAR, ta intanet ake aika shi ga ma'aikatar baitulmalin Amurka, ba ya cikin fom ɗin haraji. Duk Ba'amurken da jimillar kuɗin asusunansa na waje ta haura dala 10,000, ko da na yini ɗaya ne a shekara, sai ya kai rahoton dukkansu. Jimilla na ce, Hajiya. Wani matashi ya taɓa zuwa wurina yana rantsuwa cewa bai taɓa tara dala 10,000 a asusu ɗaya ba. Na ce ya ciro wayarsa mu duba. Ya buɗe asusun albashi, ya buɗe na naira da ya bari a gida, ya buɗe na dala. Muna cikin lissafi sai ya yi shiru, ya ce akwai wanda mahaifiyarsa ta sa sunansa a ciki don ya riƙa cire mata kuɗin magani, da kuma na ƙungiyar zumuntar danginsu da yake ma'aji. Duk sun shiga, domin doka ta haɗa da asusun haɗin gwiwa da wanda kake da ikon sa hannu a kai ko da kuɗin ba naka ba ne. Watan da ya tara kuɗin hayar gida kaɗai ya tsallake iyakar. Shekara 4 bai kai rahoto ba, kuma bai ɓoye komai da gangan ba. Rahoton nan kyauta ne, ba a biyan haraji a kansa, amma tarar rashin kai shi takan kai dala 10,000 ko fiye a kan kowace shekara, ko da mantuwa ce. In kin sa sunan ɗanki a asusunki, ki faɗa masa yau. Haka nan in ya samu kyauta ko gado daga wanda ba Ba'amurke ba da ya haura dala 100,000 a shekara, akwai fom 3520. Ba haraji, sanarwa ce kawai, amma tarar barinta tana iya kai rubu'in dukiyar.

In akwai shekarun baya da ya kamata ya aika bai aika ba, kada ya firgita. IRS tana da sassauƙar hanya ga mazauna waje da ba da gangan suka yi ba: a aika bayanin haraji na shekara 3 da FBAR na shekara 6, a rubuta dalili, ba tara. Shi ya kai kansa kafin a neme shi, kuma ya nemi akanta da ya san harajin Amurkawan waje, ba kowane akanta ba.

Sauran zaman yau da kullum kuwa, irin na kowane baƙo ne a Dubai, fasfo bai canza shi ba. Izinin zamansa yana rataye da aikinsa. In aikin ya ƙare, kwanaki ƙidayayyu gare shi ya samu wani ko ya fita. Hayar gida da cek ake biya, sau da yawa a dunƙule, kashi ɗaya zuwa huɗu a shekara, abin da kan girgiza wanda ya saba biyan wata-wata a Amurka. Inshorar lafiya a wuyan kamfani take bisa dokar Dubai, amma ya karanta ko ta haɗa da matarsa da haihuwa. Da azumi ana rage awa 2 a lokacin aiki, kuma tun Janairun 2022 hutun mako ya koma Asabar da Lahadi, ma'aikatan gwamnati suna tashi da rana ranar Juma'a. In yana da sauran hulɗa da Amurka, dare ne lokacinta: Dubai tana gaban New York da awa 8 ko 9 gwargwadon lokacin shekara, sai ka ga mutum bayan Isha yana riƙe da waya yana jiran wani ofis ya ɗauka. Ya riƙe lambar wayarsa ta Amurka da rai in yana da asusu a can, domin ta nan ake turo lambar sirrin shiga. Ranar bikin godiya ta Thanksgiving, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, da 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, ranakun aiki ne kamar kowace rana. Amurkawa sukan haɗu da yamma a gidan ɗayansu su ci abinci. Yana iya jefa ƙuri'a daga can ta hanyar aikawa, a jihar da ya zauna ta ƙarshe, ƙarƙashin dokar 1986.

Abin da matasa ba sa hangowa shi ne tsufa. Fanshon Social Security yana buƙatar kimanin shekara 10 na biyan gudummawa, kuma aiki da kamfanin da ba na Amurka ba a Dubai ba ya shiga lissafi. Inshorar tsofaffi ta Medicare ma, in ban da 'yan yanayi kaɗan, ba ta aiki a wajen Amurka. Abin da zai samu a Dubai kuɗin sallama ne: albashin kwana 21 a kan kowace shekara na shekaru 5 na farko, kwana 30 a kan waɗanda suka biyo baya. Wannan ba fansho ba ne, ya fara tanadi da kansa tun albashi yana da auki. Kuma kada ya ɗauka ofishin jakadanci uba ne. Ƙaramin ofishin da ke Dubai da babban da ke Abu Dhabi suna sabunta fasfo, suna ziyartar wanda aka tsare, suna ba shi sunayen lauyoyi, amma ba sa biyan bashi, ba sa fitar da kowa daga hannun hukuma. Idan ya zo Najeriya kuwa ɗan Najeriya ne a idon doka. Shiga Amurka da fita kuma da fasfonta kaɗai doka ta yarda ya yi.

Na bar maganar aure a ƙarshe don a nan lissafinki ya ja hankalina. Amarya ba ta zama Ba'amurkiya saboda aure. In ya so kai ta can wata rana, sai ya shigar mata da takardu, a ciki kuwa za a nemi shaidar harajinsa don tabbatar da zai iya riƙe ta. Ga wani amfanin aika fom 1040 ko da sifili ne a ƙasansa. Sai 'ya'ya. Yaron da aka haifa a waje, uba Ba'amurke uwa ba Ba'amurkiya ba, yana gadon ƙasar ne kawai in uban ya yi shekara 5 da jikinsa a cikin Amurka kafin haihuwar, 2 daga ciki bayan ya cika shekara 14. Ɗanki ya cika sharaɗi na biyu da karatun digirinsa. Amma 2 na jarirantaka da 2 na karatu 4 ke nan, saura ɗaya. In aka haifa masa ɗa a Dubai ko a Kano a haka, ofishin jakadanci ba zai ba shi takardar haihuwar ɗan ƙasa ba. Dubai ma ba ta ba da ɗan ƙasa don an haife ka a cikinta. Jikan naki zai zama ɗan Najeriya ta hanyar iyayensa, kamar yadda sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma wannan ba abin raini ba ne. Ina dai so su san haka tun yanzu, shi da amaryarsa, su yanke shawara ido a buɗe, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Kwanaki ake ƙirgawa a wannan lissafi, har da gajerun ziyarce-ziyarce, kuma hujja ake nema a rubuce. Saboda haka ki buɗe akwatin da kike ajiye takardu, ki nemo tsofaffin fasfunansa masu hatimin shiga da fita, da naki da na mahaifinsa na wancan lokaci, da katin rigakafinsa na asibitin can, da duk wata takardar makaranta. Wataƙila shekara 2 da kike tunawa shekara 2 da wata 9 ce, wataƙila ya ƙara wasu watanni bayan kammala digiri yana aikin gwaji. Ki ɗauki hotonsu ki tura masa, ainihin takardun kuma su zauna a hannunki har ya zo ɗaurin aure ya karɓa.