Manhajar kyauta ce, to kuɗin kulawa na mene ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni nake jagorantar wata 'yar ƙungiya ta matasa masu ilimin kwamfuta a Zariya. Mun tsara shirin taimaka wa ƙananan ƙungiyoyin agaji, masu kula da marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira, ta hanyar girka musu buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda kowa ke iya saukewa, ya duba yadda aka rubuta su, ya yi aiki da su ba tare da biyan lasisi ba: Linux a madadin Windows da LibreOffice a madadin su Word da Excel a kwamfutocinsu, WordPress don shafinsu, Nextcloud don adana takardu, sai KoboToolbox don tattara bayanai. Muna neman tallafin shekara ɗaya domin ƙungiyoyi 20. A kasafin na sa kuɗin kulawa da albashin mutum ɗaya, amma abokan aikina sun ce in cire, wai manhajojin kyauta ne, masu ba da tallafi za su ɗauka cuwa-cuwa muka shirya. Akwai ma wanda ya ce zai girka mana komai cikin mako biyu, shi ke nan an gama. Hankalina ya ƙi kwanciya, domin sunayen marayu da hotunansu ne za su hau kan waɗannan na'urori. In cire kuɗin ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki cire. In ma dole sai an rage wani abu a kasafin nan, to ki rage yawan ƙungiyoyin, ki bar kuɗin kulawa a inda yake. Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, abokan aikinki ne suka faɗa cikin kuskuren da nake cin karo da shi kusan kullum a wannan sana'a.

Manhajojin da kika lissafa ba ni da ja a kansu, abu ɗaya kawai zan gyara. KoboToolbox ba sai kun girka ta a sabar taku ba, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana a intanet tana riƙe da bayanai. Masu ita suna ba ƙungiyoyin agaji damar aiki a sabarsu ba tare da biya ba har zuwa wani iyaka, kuma ƙananan ƙungiyoyi irin naku ba kasafai suke kai wa iyakar ba. Duk sabar da kuka kunna da hannunku, kun ɗauko wa kanku reno ne. Ku rage yawansu iya yadda za ku iya.

Yanzu ga maganar "ai kyauta ce". Abin da aka yafe muku kuɗin lasisi ne kaɗai. Ba a yafe muku hayar sabar ba, wadda galibi da dala ake biya, kuma kin ga yadda naira ta tashi daga wajen 460 kan dala ɗaya a farkon 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ba a yafe sabunta rajistar adireshin shafi duk shekara ba, ba a yafe data ba, ba a yafe batirin sola da ke mutuwa ba. Mafi girma duka, ba a yafe lokacin mutumin da zai zauna yana bibiyar sanarwar tsaro, yana sa faci, wato gyaran da masu manhaja ke fitarwa don toshe ɓaraka, yana gwada ko kwafin bayanan da aka ajiye saboda ɓacin rana na aiki. Duk mun san rijiyoyin burtsatse da aka haƙa wa ƙauyuka kyauta, aka yanka zare, aka ɗauki hoto, bayan damina biyu kan famfon ya lalace, babu wanda aka ɗora wa gyara, mata suka koma rafi. Bambancin kawai shi ne rijiyar da ta mutu ƙishirwa take bari, ita kuwa sabar da aka yi watsi da ita ba mutuwa take yi ba. Tana nan a kunne, ƙofarta a buɗe, sunayen marayunki na ciki.

Mutane ba sa son jin wannan, amma buɗaɗɗiyar manhaja a fili ake sanar da ɓarakarta. Ranar da masu ita suka fitar da faci, ranar ce masu kutse su ma suke karanta inda ramin yake, sai su saki na'urorinsu su bi intanet suna laluben wanda bai toshe ba. Ba ruwansu da ko ke wace ce. Masu cewa "wa zai damu da 'yar ƙungiyarmu ta marayu a Tudun Wada" ba su san yadda abin yake ba: ba mutum ne ya zauna ya zaɓe ki ba, inji ne ke ƙwanƙwasa kowace ƙofa.

Dubi kamfanin Equifax na Amurka. A watan Maris na 2017 aka fitar da facin wata ɓaraka a Apache Struts, buɗaɗɗiyar manhajar da suke amfani da ita. Ba su sa ba. Zuwa watan Mayu masu kutse sun shiga, aka kwashe bayanan mutane kusan miliyan 147. Kamfani ne mai kuɗi da ma'aikata, facin kuma kyauta ne, abin da aka rasa shi ne wanda zai tabbatar an sa. In kin ce wannan harkar 'yan kasuwa ce, to ga ta masu aikin agaji irin naku. A Janairun 2022 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya, mai hedikwata a Janeba, ta sanar cewa an kutsa cikin sabobinta, an taɓa bayanan mutane sama da 515,000, waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu. Su manhajar da aka bi ta cikinta ma ta kuɗi ce, amma ciwon ɗaya ne, faci ya fito ba a sa a kan lokaci ba. Idan haka ta faru da masu ofis a Janeba, ina ga sabar da wani ya girka cikin mako biyu ya kama gabansa?

Shi wannan mai mako biyun, ki yi masa tambayoyi kafin ki ba shi ko sisi. Da sunan wa za a yi rajistar adireshin shafin? Kalmar sirrin sabar a hannun wa za ta zauna? Ina kwafin ajiya zai riƙa tafiya, kuma ya taɓa gwada dawo da bayanai daga ciki? Irinsu sun cika gari. Sai ka tarar da shafin ƙungiya an yi masa rajista da imel ɗin wani yaro da ya gama bautar ƙasa ya koma garinsu, lambarsa ba ta shiga, shekara ta zagayo adireshin ya faɗi, wani ya saye ya cika shi da tallar caca. Mafi muni su ne masu sauko da kayan ado da ƙarin kayan aikin WordPress na sata, waɗanda aka fasa aka cire musu kuɗi, su girka wa mutane suna cewa ai buɗaɗɗiya ce. Sau da yawa irin waɗannan da ƙofar bayan ɓarawo a cikinsu suke zuwa. Haka masu sa Windows na sata su kashe sabuntawa don kada a gane. Wannan ba gwaninta ba ce, ha'inci ne, kuma ƙungiyar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba ita ke kwana a ciki.

Akwai kuma doka. Tun watan Yunin 2023 Nijeriya take da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita. Bayanan lafiya da addini da ƙabila suna cikin waɗanda dokar ta ba kariya ta musamman, haka bayanan yara suna buƙatar amincewar iyaye ko mariƙa. In aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, awa 72 aka ba da a sanar da hukumar. Wa zai sanar, alhali babu ma mai leƙa sabar balle ya san an shiga?

Su ma masu ba da tallafin suna da nasu laifin, ba zan ɓoye ba. Da yawansu sun fi son biyan kuɗin taron ƙaddamarwa da allon sanarwa da jakunkuna masu tambari, a kan albashin wanda zai riƙe abin a shekara ta biyu, domin shi kulawa ba ya fita a hoto. Fom ɗinsu yana da layin "sayen kayan aiki" da layin "horarwa", ka nemi layin gyara ka rasa. Amma wannan ba dalili ne na ki ɓoye gaskiyar kuɗin ba. Ki nuna musu DHIS2, manhajar da Nijeriya da ƙasashe da dama ke tattara alƙaluman lafiya da ita. Buɗaɗɗiya ce, kowa na iya saukewa, amma a Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe akwai ma'aikata masu albashi da ke riƙe da ita, masu tallafi ne kuma ke biya shekara da shekaru. Duk mai tallafin da ya san aikinsa, ganin babu kuɗin kulawa a kasafi shi zai sa ya yi shakkar ku.

Ga yadda zan shimfiɗa shirin in ni ne. Ƙungiyoyi 20 a shekarar farko da ma'aikaci ɗaya sun yi yawa, ki fara da biyar ko shida. Kafin a girka komai, a je a zauna da kowace a ga da me take aiki yanzu. Wata za ki tarar matsalarta ba manhaja ba ce, kwamfuta ɗaya gare su kuma a gidan shugaba take kwana. Wadda akawunta ya shekara goma yana aiki da Excel, kuma mai tallafa musu na aiko da fom a Excel, kada ki tilasta masa sauyi a wata guda. In ya tsani sabon abin, da kun juya baya zai kira mai Windows na sata. A cikin nau'o'in Linux ku ɗauki wanda ake kira Ubuntu, ku tsaya kan fitowarta mai dogon tallafi, wadda ake fitarwa duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, ake kuma ba ta facin tsaro na shekara biyar. Wannan yana da amfani musamman ga tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, tunda Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10.

Kowace ƙungiya a rubuta yarjejeniya da ita. Adireshin shafi da asusun sabar su kasance da sunan ƙungiyar, ba da sunanki ko na wani a cikinku ba, kalmomin sirri kuma su kasance a hannun mutum biyu daga cikin amintattunsu. A horar da mutum biyu a kowace ƙungiya, domin ɗaya zai yi aure ko ya samu aiki a Abuja. Kwafin ajiya ya zauna a wuri daban da sabar, kuma a riƙa gwada dawo da shi a gaban masu ƙungiyar. Sannan tun daga watan farko su riƙa biyan wani ɗan abu, ko kaɗan ne, a tara a asusun da zai biya hayar sabar bayan tallafi ya ƙare.

A rubuta kuma abin da zai faru ranar da kuka kasa ci gaba: a fitar wa kowace ƙungiya bayananta a miƙa mata, a goge na kan sabar, a kashe ta. Ƙungiyar da ta ce ba za ta iya biyan komai ba kuma ba ta da wanda za a horar, ku sa mata LibreOffice, ku buɗe mata asusu a KoboToolbox, sunayen marayunta kuma su zauna a kwamfutar ofis mai kalmar sirri da kwafi a faifan da ake kullewa a durowa. Kada ku kunna mata sabar.